SHARHI: A hannun wa makullin asusunka na intanet yake?

A Gulma da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Argungu, matasa da yawa ba su ne suka zaɓi kalmar sirrin imel ɗinsu ba. Ranar da ɗalibi ya je shagon intanet a Argungu ko Birnin Kebbi domin buɗe imel kafin rajistar JAMB, mai shago ne ke ƙaga masa ita, sau da yawa sunansa haɗe da shekarar haihuwa, ya rubuta a ’yar takarda. Da wannan imel zai nemi gurbi a Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, da shi zai nemi lamunin karatu na NELFUND, da shi zai buɗe shafin Facebook inda yake tafka muhawarar siyasa. Duk wanda ya san kalmar nan guda ɗaya, ya riƙe makullin gidan baki ɗaya.

Maganin da masana tsaron intanet ke bayarwa shi ne manhajar adana kalmomin sirri. Ita ce ke ƙirƙiro wa kowane asusu doguwar kalma ta daban, ta kulle su a rumbu ɗaya, mai ita ya haddace babbar kalma guda kawai. Shawarar tana kan hanya, sai dai abin da ya faru a ’yan shekarun nan ya nuna cewa rumbun ma ana fasa shi, kuma mai rumbun na iya rufe ƙofa.

A watan Disambar 2022 kamfanin LastPass na Amurka ya amsa cewa masu kutse sun kwashe kwafin rumbunan abokan hulɗarsa. Kalmomin na kulle, amma wanda babbar kalmarsa ke da rauni ya shiga hatsari, domin ɓarayin na da lokacin yin ta gwaji har su dace. A ƙarshen 2025 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar kamfanin fam miliyan 1.2. A shekarar 2025 ɗin kuma, Microsoft ya cire ajiyar kalmomin sirri daga manhajarsa ta Authenticator ya mayar da ita cikin Edge, shi kuwa Dropbox ya rufe tasa manhajar kacokan a watan Oktoba. Miliyoyin mutane sun yi ƙaura ba da son ransu ba.

Saboda haka tambayar da ta kamata matashin Kebbi ya fara yi ita ce: idan na shiga, zan iya fita da kayana?

Ta Google ce mafi kusa, domin tana cikin wayoyin Android kuma kyauta ce. Rauninta shi ne komai na rataye ga asusun Google, wanda a wurin da yawa mai shago ne ya buɗe shi. Bitwarden na da tsarin kyauta, tana aiki a waya da kwamfuta, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga masu bincike. Proton Pass ta ƙasar Suwizalan ma na da tsarin kyauta. 1Password sai an biya da kuɗin waje, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga ɗalibi. KeePass kuwa tana ajiye rumbun a cikin na’urarka, ba ta buƙatar intanet, abin da mutanen Zamfara da suka ga an katse layukan sadarwa a watan Satumbar 2021 za su fahimci darajarsa. Amma idan wayar ta ɓata babu kwafi a wani wuri, rumbun ya tafi ke nan.

Lokacin sauya sheƙa ne ya fi hatsari. Yawancin manhajojin na fitar da kalmomin a fayil na CSV, wanda ba a kulle yake ba, duk wanda ya buɗe zai karanta su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki a kwamfutar shago, ko ya tura wa kansa fayil ɗin ta WhatsApp, ya gudu bai tsira ba. A yi shi a na’urar kai, a tabbatar komai ya shiga sabon rumbu, a goge fayil ɗin, a rufe tsohon asusu, sannan a canza kalmomin imel da na banki.

Akwai kuma ƙofar baya da manhaja ba ta iya tsarewa, wato layin waya. Ta nan ake turo lambar farfaɗo da asusu, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya sayar wa wani. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan NIN na ’yan Najeriya a kan kuɗin da ya fara daga naira 100 kacal. Wannan ba sakacin ɗalibin Gulma ba ne.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Ya kamata hukumar NDPC ta kai wayar da kai har shagunan intanet na ƙananan hukumomi, makarantun gaba da sakandare na jihar kuma su sa wannan darasi cikin makon karɓar sababbin ɗalibai. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, shafin matashin da ke sukar masu mulki abin hari ne. Kafin hukuma ta motsa, mataki na farko na hannunka: canza kalmar da mai shago ya ba ka, yau ɗin nan.