Naira 70,000: Albashin da bai kai ga fadamar Wurno da gidan gyaran hali ba

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Gwamna Ahmed Aliyu kuma ya amince da biyan hakan a Jihar Sakkwato a farkon 2025, ake magana kamar an kammala batun. Wanda ya tsaya a Marnona ya ga ’yan ƙwadagon da ke nufar gonakin albasa, tafarnuwa da shinkafa na Wurno da Goronyo zai fahimci akwai sauran aiki.

Dokar ta cire wuraren da ma’aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin lokaci-lokaci irin na noma. Ke nan mai dashen albasa a ƙarƙashin madatsar Goronyo, ko mai dako a kasuwar Rabah, ba shi da kaso, alhali kuɗin mota da na mudun gero, da suka haura tun cire tallafin mai a Mayun 2023, ba su tambayi wa ke cin albashi ba.

Ko wanda dokar ta shafa, lissafinsa bai ɓulle ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kuɗin ciyar da fursuna ɗaya daga Naira 750 zuwa 1,125 a rana, wato 33,750 a wata. A ma’aunin gwamnati da kanta, albashin nan zai ciyar da mutum biyu ne kawai, abinci irin na gidan yari, ba haya, ba magani. Malamin firamare mai iyali shida fa?

Su kuwa fursunonin da ke noma a gonaki irin na Bislam, ko kafinta da ɗinki a bayan katanga, muryarsu ba ta zuwa teburin tattaunawar ƙwadago. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi a ware musu kaso daga abin da aikinsu ya samar, amma kaso daga ciniki ba lada ba ne tsayayye, kuma wanda ya fito hannu wofi sau da yawa hanyar da ta kai shi ciki yake komawa. A yankin da ’yan bindiga ke neman matasa marasa abin yi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin doka kan gidajen gyaran hali. Majalisar Dokokin Sakkwato na iya fara da tanadin lada bayyananne da za a ajiye wa fursuna har ranar fitarsa, kafin a sake duba albashin ƙasa a 2027.