Masu sauya suna, a tuna da ofishin haraji

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu sauya suna, musamman matan da ke ɗaukar sunan miji bayan aure. Mutum zai yi rantsuwa a kotu, ya buga sanarwa a jarida, ya gyara NIN da BVN, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Ofishin haraji ba ya faɗo masa a rai.

Matsalar takan ɓullo ranar da ake neman takardar shaidar biyan haraji ta shekaru 3, don kwangila ko takardar fili. Harajin da aka yi ta cirewa daga albashi yana kan tsohon suna, katin shaidar mutum kuwa na ɗauke da sabo. Kuɗi an biya, amma sai an sha zirga-zirga kafin a yarda nasa ne.

Galibi harajin ma'aikaci yana hannun hukumar harajin jihar da yake zaune, don haka can zai kai takardunsa, ya kuma sanar da wurin aikinsa. Kada ya karɓi sabuwar lambar haraji, a gyara sunan a kan tsohuwar. Su kuma hukumomin, don Allah su liƙa jerin takardun da ake buƙata da Hausa a bakin ƙofa.

Naka,
Mai karatu daga Gusau