Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Ma'aikatan Jinya Da Ungozoma Ta Najeriya: A Riƙa Auna Raɗaɗin Jarirai



Ya ku shugabanni, na rubuto ne a madadin majinyacin da ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo, wato jariri sabon haihuwa, musamman bakwainin da ke kwance a kwalba. Kullum ana auna zafin jikinsa da numfashinsa da nauyinsa a rubuta a kati. Roƙona shi ne raɗaɗi ma ya samu gurbi a katin nan.

Har zuwa shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka akan yi wa jarirai tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba. A 1987 likitoci biyu, Anand da Hickey, suka tattara hujjojin da suka rushe wannan zato. A 2015 masana a Jami'ar Oxford suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai, suka ga cikin sassa 20 da ke motsawa idan babba ya ji zafi, 18 na motsawa a jariri. Abin kuma ba ya wucewa nan take. Binciken da aka yi a Kanada a 1997 ya nuna yaran da aka yi wa kaciya ba maganin kashe zafi sun fi sauran jin jiki a wurin allurar rigakafi bayan watanni.

Jariri mara lafiya kuwa huji yake sha dare da rana: a tsaga diddige a ɗebi jini, a nemi jijiya don ƙarin ruwa, a zura robar abinci ta hanci. Wani bincike a asibitocin yankin Faris a 2008 ya ƙirga kusan sau 10 a rana ga kowane jariri, mafi yawa ba tare da an rage masa zafin ba.

Aunawar ba ta buƙatar na'ura. Ma'aunin NIPS, da aka fitar a Kanada a 1993, abu shida yake dubawa: yamutsewar fuska, kuka, numfashi, hannuwa, ƙafafu, da natsuwar jariri ko birkicewarsa. Maki daga 0 zuwa 7 ne, abin da ya haura 3 alamar ciwo ce. Ga bakwaini akwai PIPP na 1996, mai haɗawa da bugun zuciya, da iskar da ke jini, da watannin da ya yi a ciki. A nan ne ake yawan ruɗuwa, domin bakwainin da ya galabaita ba shi da ƙarfin kuka. Sai a ce yaron kirki ne, alhali girarsa a tattare take, ya runtse ido.

Don haka ina ba ku shawara uku. Ku sa wannan awo cikin manhajar makarantun jinya da ungozoma, ya fito a jarrabawar ƙarshe. Ku nemi asibitoci su buɗe masa gurbi a katin jariri, a rubuta maki kafin huji da bayansa. Sannan a koyar da abin yi idan maki ya hau. Shayarwa a lokacin allura, ɗora jariri a ƙirjin uwa fata na taɓa fata, da ɗigon ruwan sukarin asibiti a harshe minti biyu kafin a soma, duk suna rage zafi, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Tiyata da kaciya kuwa sai da magani daga hannun likita.

Ungozomar da ta iya wannan karatu za ta koya wa uwa, har uwar ta samu hujjar hana wanzami cire wa ɗanta beli. Ikon gyara manhaja na hannunku. Allah Ya ba ku ikon aiwatarwa.

Wassalam,
Naku mai kishin lafiyar yara.