Waiwaye: Ƙanƙarar da Aka Kai Ɗakin Masu Ƙuna

Shekarun baya tukunyar kunu ta kife wa 'yar ƙanwata a cinya, wata safiya da hunturu, tana da shekara shida. Ta yi kuka a ranar, amma kukan da ya zauna mini a kunne na sauran ranakun ne, idan nas ta turo keken wankin ciwo da almakashi da auduga a kai. Da jin ƙarar tayarsa yarinyar take fara makyarkyata. Ni nake riƙe kafaɗunta, uwarta tana cewa, "Yi haƙuri Mamana, an kusa gamawa," alhali ko bandeji ba a kwance ba. Ita kuwa idonta ƙur a kan cinyar, tana ta maimaita, "Kawu, ka ce ta bari."

Ba a iya bari. Ƙuna mai zurfi sai an riƙa buɗe ta, a goge, a cire matacciyar fata, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su shiga jini. Magunguna irin su mofin suna kwantar da raɗaɗi idan majinyaci yana kwance shiru, amma sau da yawa ba sa isa a lokacin wanki, kuma ƙara su yana jawo amai da taurin ciki da raunin numfashi. Haka abin yake har a manyan asibitocin Amurka.

A 1996 wasu malamai biyu na Jami'ar Washington da ke Siyatil suka ƙi yarda a bar wannan ihu a matsayin abin da ba makawa. Ɗaya David Patterson ne, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki da masu ƙuna a asibitin Harborview. Ɗayan Hunter Hoffman, mai bincike kan tabaraun kwamfuta da ke rufe idanu ruf, ya nuna wa mutum wata duniya da yake ji kamar yana cikinta. In ya juya kai, ita ma ta juya. Abin da suke da shi a hannu a lokacin hoton wani ɗakin girki ne mai gizo-gizo, wanda ake amfani da shi wajen warkar da masu tsoron gizo-gizo. Da shi suka fara. Sun gwada wa samari biyu da ake wanke wa ƙuna bayan an ba su maganinsu yadda aka saba: 'yan mintuna suna wasan Nintendo, 'yan mintuna cikin tabarau. Dukansu sun ce zogin ya fi sauƙi sosai a cikin tabarau. Mujallar Pain ta buga rahoton a 2000.

Daga nan Hoffman ya gina SnowWorld musamman domin masu ƙuna, kuma a nan ne nake jinjina masa. Wanda wuta ta ci, wanki yakan mayar da shi ranar gobarar. Sai aka kai shi kishiyar wuta: kwazazzabo na ƙanƙara, dusar ƙanƙara tana zuba, ruwa yana gudu a ƙasa, komai fari da shuɗi. Yana shawagi a hankali yana jifan mutum-mutumin ƙanƙara da tsuntsayen fengwin da curin dusar ƙanƙara, waƙoƙin Paul Simon suna tashi a kunnensa, sun danne ƙarar kayan aiki. Da yake wasu a cikin bahon ruwa ake wanke su, har tabarau aka ƙera wanda ruwa ba ya hana shi aiki.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Hankalin mutum kamar tulu ne, yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma zogi yana buƙatar wuri a cikinsa kafin ya kai maƙura. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon zogi ba ya wucewa salin-alin daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai ƙofa a laka, kuma abin da ke cikin kai yana iya faɗaɗa ta ko ya tsuke ta. A gwaje-gwajen SnowWorld majinyata sun ba da rahoton raguwar zogi da kusan kashi 35 zuwa 50 cikin 100. Masu cewa ai baki ne kawai ya faɗa sun sami amsa a 2004, da hoton ƙwaƙwalwa na fMRI ya nuna sassan da ke aiki lokacin zogi sun lafa yayin da mutum ke cikin tabarau.

SnowWorld ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba, kuma masu binciken ba su ɓoye hakan ba. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne sun lissafa kukan majinyaci a cikin cutar da ake yi wa magani. Mu kan yaba wa mai dauriya, mu ce wa yaro namiji ba ya kuka, sai mu ɗauka mun gama namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a shekara, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rayu sai sun bi ta ɗakin wankin ciwo.

Mu ba mu da tabarau a lokacin jinyar 'yar ƙanwata. Amma ba wanda ya yi tunanin ko da kare mata ganin cinyar da zane, kuma ni da na girma da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ban ba ta ko ɗaya ba. Yanzu ta zama budurwa, tabon ya dushe. Kwanaki na tambaye ta abin da ta fi tunawa, ta yi shiru kaɗan ta ce, "Ƙarar keken nan, Kawu."