Gaya: fata ba ta riƙe alƙalami

A Turai da Amurka, mai neman ɗaukaka wurin aiki kan biya lokotoro ya gyara masa hanci da aska. A Gaya kuwa, askar tana cikin kwalba.

Man bilicin yana shigowa daga Malanbil da Kamba, ana kasa shi a kasuwa tamkar tumatir. Cikin masu saye har da ƴan mata masu takardar makaranta, waɗanda aka raɗa wa cewa biro ya fi son farar fata.

Tsadar na zuwa daga baya. Sinadarin merkur yana lalata ƙoda. Kortizon yana sa fata ta yi sakayau, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Idrokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana cikin man shafawa tun 2001, yana barin baƙin tabo mai wuyar gogewa. Kot Dibuwar ta haramta ire-iren wannan mai a 2015.

Amma laifin bai tsaya ga mai shafawa ba. Alhajin da ke neman mai riƙe masa lissafi, da shugaban ma'aikatar da ke ɗaukar sakatariya, su ke yanke wa fata farashi. Ranar da suka duba takarda kafin fuska, kwalbar za ta yi kwantai.