A Bar Yara Su Auna Iskar Da Muke Shaƙa

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, akwai wani aiki da malaman kimiyya kan ba 'yan ƙaramar sakandare, wanda wasu iyaye ke kira wasa da ɓata lokaci. A ganina ba su yi masa adalci ba.

Ga yadda aikin yake. Malami ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara biyar ko shida. Kowace ƙungiya ta yanki farin kwali, ta shafa masa man basilin, ta rataye shi inda aka ba ta: wata a bakin tashar mota, wata kusa da janareto, wata a bayan mayanka inda ake babbaka ganda da tsohuwar taya, wata kuwa cikin aji. Bayan mako guda sai a jera kwalayen bisa tebur. Kwali ɗaya ba ya faɗin kome. Sai an gwama na tasha da na aji yaro zai gane cewa baƙin nan daga iska ya fito, kuma irinsa ne ke shiga huhunsa. Dalilin yin aikin a ƙungiya ke nan. In da hunturu ne ma, za su koyi bambanta ƙurar hazo da kunkunniyar hayaƙi. Malami nagari kuma zai gaya musu cewa kwali manyan ɓurɓushi kaɗai yake kamawa, alhali ƙananan da ido ba ya gani su ne suka fi nutsawa cikin ƙirji.

Abin ba na wasa ba ne. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓacewar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin 11,200 a Ikko cikin 2018, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mutanen Fatakwal kuwa ba su manta da ƙarshen 2016 ba, lokacin da baƙar toka ta fara sauka musu a kan shanya da cikin ɗaki. To, wa ya fi wuni cikin hayaƙin nan? Mai shayi a tasha, da mai tsire, da ɗan dako, da mahauci. Watau mu.

Na san abin da ke ran wasu: kada yaro ya dawo gida yana raina sana'ar da aka biya masa kuɗin makaranta da ita. Wannan tsoro yana da tushe, kuma lalle malamai su kula, su nuna wa yara cewa da hayaƙin ake faɗa, ba da mai sana'a ba. Amma fa mahaucin da 'yarsa ta kawo masa baƙin kwali ya fi saurin tunanin barin taya ya koma gas, bisa ga wanda ma'aikacin tsabta ya zo ya ci tara.

Roƙona ga malamai shi ne kada su mai da aikin na saye-saye, tun da kwali da basilin ba su da tsada, kuma su cakuɗa yaranmu da na masu gari a ƙungiya ɗaya. Iyaye kuma su bar 'yan mata su shiga, da rana ake yi. In an gama, a kai kwalayen taron iyaye da malamai, a gayyaci Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa su gani da idonsu.