Raddi Ga Masu Cewa Darasin Zafi Ɓata Lokacin Ɗan Manomi Ne

Ana jin wata magana a yankinmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun, wai babin zafi da ake koyarwa a ajin kimistiri, na narkewa da tafasa da gwargwadon zafin da kowane abu ke sha kafin ya ɗumama, ba shi da abin da zai tsinana wa ɗan manomi. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko, sun ce lissafin cin jarrabawa ne kawai. To, mu kai lissafin murhu. Giram ɗaya na ruwa yana shan jul 4.18 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya. Ke nan kai lita ɗaya daga digiri 30 zuwa 100 zai ci kimanin kilojul 293. Amma mayar da wannan litar tururi zai ci kilojul 2,260, wato ninki bakwai da ɗoriya, kuma duk tsawon lokacin zafin ruwan ba ya gota 100. Abin nufi, da zarar tukunyar wake ta tafasa, ƙarin itace ba ya sa ya nuna da wuri. Ruwan kawai yake ƙonewa. A rage wuta, a rufe tukunya. A ƙasar da itace ya yi tsada, shiga daji nemansa kuma ta zama kasada, wannan lissafi kuɗi ne, wani lokacin ma rai ne. Zafin nan da tururi ya kwasa shi yake saki a jikin shinkafa idan mata na gumi, shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni.

Ta biyu, sun ce kakanninmu sun san randa ba tare da boko ba. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai da yawa suna zaton ƙasar ce mai sanyi. A'a, ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin randar, iska ta busar da shi, shi kuma ya tafi da zafin wanda ke ciki. Wanda ya gane haka zai san abin da ya sa randa ta fi sanyi a bazara, ta yi rauni da damina lokacin da iska ke da laima, zai kuma san cewa shafa mata fenti kashe ta ne. Da wannan sanin Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan gwari suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Mai tumatir a rafin Bakalori ba ya buƙatar wannan?

Ta uku, sun ce babu ɗakin gwaji. Kukan gaskiya ne, amma wannan babin ya fi kowanne sauƙin kaya: tukunya, ƙanƙara da ma'aunin zafi. Madatsar Bakalori da aka kammala a 1978 ma aji ce. Da azahar yashin bakinta na ƙona ƙafa, ruwan kuwa da sanyinsa, domin kashi ɗaya cikin biyar na zafin da ruwa ke sha ya ishe yashi ya ɗumama.

Malamai, ku fito da ɗalibai daga gaban allo ku kai su gindin randa. Iyaye kuma a haɗa kuɗi a saya wa makarantar ma'aunin zafi.